Lafiya Jari Ce: Hukuncin Kashe Dukiya A Kan Jiki, Da Misali Daga Mafaza Ta Jihar Gadarif

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci jiki Ya damƙa mana amanarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ɗalibai sun sha kawo mana wannan mas'ala ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce, mutum lafiyarsa ƙalau ya ɗauki kuɗi ya je a auna masa jini, wannan ba almubazzaranci ba ne? Wani ya ce, ware kuɗin magani tun ciwo bai zo ba, ba raunin tawakkali ba ne, ko ma kiran ciwon? Wani kuma tambayarsa ita ce ko maganin mace yana kan mijinta. Mun ga ya dace mu tattara amsoshin wuri guda. Kuma tunda magana a kan kuɗi ba ta zama daram sai an ɗora ta a kan wata ƙasa da wasu mutane, mun ɗauki garin Mafaza da ƙauyukan bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda Hausawa suke da yawa, muka yi misali da su. Wanda yake Kano ko Maraɗi zai ga abubuwa da dama da ya sani a gidansa.

Inda kalmar jari ta samo asali

Wasu suna zaton kiran lafiya da sunan jari magana ce ta masana tattalin arziki na zamani. Gaskiya ne a 1972 wani masani ɗan Amurka mai suna Michael Grossman ya shahara da bayanin cewa lafiya tana kama da dukiyar da aka ajiye, tana raguwa da tsufa, tana ƙaruwa da abin da aka zuba mata. Amma malamanmu sun riga shi da ƙarnoni. Imam Bukhari ya buɗe babin Riƙaƙ na Sahihinsa da hadisin Abdullahi ɗan Abbas (RA), inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci lafiya da samun sarari a matsayin ni'imomin da mafi yawan mutane suke tafka asara a kansu. Kalmar da aka yi amfani da ita a hadisin daga “gabnu” ta fito, kuma gabnu kalmar kasuwa ce. Ita ce a ce mutum ya sayar da kayansa a ƙasa da ƙimarsu, ko ya saya da tsada fiye da kima, wato an ƙware shi a ciniki. Hafiz Ibnu Hajar, da yake sharhin hadisin a Fathul Bari, ya kawo bayanin Imam Ɗibi cewa an kamanta baligi da ɗan kasuwa mai uwar kuɗi, wanda yake neman riba tare da tsare uwar kuɗin kada ta salwanta. Lafiya da lokaci su ne uwar kuɗin.

Akwai bambanci guda da bai kamata ya kuɓuce wa ɗalibi ba. Shi masanin tattalin arziki yana lissafa ribar da kwanakin aiki da abin da suke kawowa. Mu muna lissafa wannan, muna ƙara da tsayuwa a sahu, da azumin Ramadan, da iya ɗawafi da ƙafa, da ciyar da iyali daga halal ba tare da miƙa hannu ba. Sannan jarin ba namu ba ne, amana ce aka ba mu mu juya. Shi ya sa da Abdullahi ɗan Amru (RA) ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Annabi (SAW) ya dakatar da shi, ya tuna masa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. In an hana mutum ya cinye jarin nan a kan nafila, ina ga wanda ya cinye shi a kan rowa ko sakaci?

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun jera abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai yana gaba da dukiya a jerin. Idan su biyun suka yi karo, dukiya ce take ba da hanya.

Mu kuma a namu gidan ba baƙon ilimi ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki tare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana riƙe da daula ya samu lokacin rubuta littattafan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir da wanda ya keɓe wa filasko, ganyen da ake kira sanamakki a Sudan. Yawancin Hausawan Rahad da Shuɗin Nilu zuriyar mahajjata ne da masu hijira, musamman bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, lokacin da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas ya kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Gadon waɗancan malamai nasu ne.

Ƙasar da ake magana a kanta

Mafaza tana bakin kogin Rahad. Kogin yana saukowa daga tsaunukan Habasha, ya cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma ya yanke ya bar tafkuna nan da can, har ya je ya haɗu da Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani. Ƙasar baƙar laka ce. Da rani takan dare ta yi rami-rami, da damina ta zama taɓon da mota ba ta iya ratsawa, ƙauye ya yi kwanaki a yanke. Abin nomawa dawa ce da riɗi, sai lambuna da kamun kifi a bakin kogi. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe aikin noman rani na Rahad, da madatsarsa a Abu Rakham da magudanan da suka miƙe zuwa wajen Fau.

Duk wanda ya riƙe wannan bayanin ya riƙe rabin ilimin cututtukan yankin. Tsagar ƙasa da dajin dushe da aduwa su ne mazaunin ƙwaron da yake kawo kalazar. Ruwan da ya kwanta shi ne na sauro da dodon koɗin tsargiya. Ƙaya tana kawo nata. Yankewar hanya kuma ita take mayar da ƙaramin ciwo babba.

Kalazar: lissafin da ya fi kowanne fitowa fili

Jihar Gadarif ita ce cibiyar kalazar a Sudan, musamman ƙauyukan Rahad da na kogin Atbara. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake ɗauko ta, bai kai sauro girma ba, ba ya kuka a kunne, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa dare. Ya fi yawa a ƙarshen rani da bazara, daidai lokacin da zafi yake korar mutane su kwana a tsakar gida babu gidan sauro. Ciwon ba ya fitowa nan take, sai bayan watanni, shi ya sa asibitoci suka fi cika da masu shi daga ƙarshen damina zuwa lokacin sanyi, wato tsakiyar aikin kaka. Alamarsa zazzaɓi ne da ya wuce mako biyu ya ƙi jin maganin cizon sauro, da rama, da kumburin saifa, da ƙarancin jini. Yara sun fi kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu ciwon mutuwa suke yi. Idan an yi magani a kan lokaci, mafi yawa suna warkewa. A da allurar kwana 30 ake yi. Daga 2010 aka koma haɗa allurai iri biyu na kwana 17.

A 2013 aka wallafa wani bincike da aka gudanar a asibitocin gwamnati uku na jihar, Kassab da Doka da Bazura. Aka samu cewa jinyar mutum ɗaya tana cin kimanin dala 450 gaba ɗaya, kuma duk da cewa maganin kansa kyauta ake bayarwa, fiye da rabin wannan kuɗi daga aljihun iyali yake fita, abin da ya kai kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da gidan yake samu a shekara. Ina kuɗin suke tafiya, tunda allura kyauta ce? Suna tafiya a kuɗin mota, da abincin majinyaci da mai jinya na makonni, da gwaje-gwaje, da magungunan da aka yi ta saye ana lalube kafin a gano ainihin ciwon, da aikin gona da ya tsaya. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, kwanson ya buɗe ya zube a ƙasa.

To a ɗora wannan a sikeli ɗaya, a ɗora kuɗin gidan sauro mai magani a ɗayan. Tsakanin 1999 da 2001 ƙungiyar likitoci ta MSF ta raba gidajen sauro masu magani a ƙauyukan Gadarif, da aka bi diddigi daga baya aka ga masu kamuwa sun ragu. Muna jaddada “mai magani” saboda ƙwaron yana iya kutsawa ta ramin gidan sauro na gama-gari. Gidan sauro ba ya kawar da ciwon ɗungurungum, domin ana cizon mutum tun yana hira a waje kafin ya kwanta, amma ragin da yake yi ya ninka kuɗinsa sau da yawa, ga shi kuma yana tare sauro.

Wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye: a shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Khartum sun bi ƙauyuka biyu na bakin Rahad, Um Salala da Mushra Koka, na biyun ƙauyen Hausawa ne. Suka ga ƙwayar cutar tana shiga jinin mutane a duka biyun, amma waɗanda take kayarwa har su kwanta sun fi ƙaranci ƙwarai a ƙauyen Hausawa. Cikin dalilan da suka duba akwai wadatar abinci. Ba mu kawo wannan don fahariyar ƙabila ba, Allah Ya tsare mu, kuma kada wani ya ɗauka Bahaushe ba ya kamuwa, yana kamuwa har ya mutu. Mun kawo shi ne domin likitoci sun tabbatar jikin da yunwa ta raunana shi ne kalazar ta fi kayarwa. Magidancin da yake kwashe duk kifin da ya kama da duk kayan lambunsa ya kai kasuwa, ya bar yara da tuwo da miyar da ba ta da komai, yana ganin ya tara kuɗi, alhali uwar kuɗin yake ci.

Ƙananan kashe-kashen da ake rainawa

Takalmi. A Sinnar da Jazira da maƙwabtansu akwai ciwon da ake kira maisitoma, wanda mutanen Sudan suke ce wa nabit. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa, takan shiga ta sukar ƙaya, ta yi shekaru tana cin ƙafa a hankali ba tare da zafi sosai ba, har ta kai ƙashi, ƙarshenta sau da yawa yanke ƙafar ne. Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan ciwo a Soba ta Khartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Rufaffen takalmi ga manomi da makiyayi da yaron da ake aika daji shi ne kariya mafi araha, kuma yana taimakawa a kan maciji da kunama.

Ruwa da masai. A watan Satumba na 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif, ta sake dawowa a daminar 2024. Tafasa ruwa ko sa masa ƙwayar kulorin, da sabulu, da haƙa masai nesa da rijiya, su ne abin yi. Kowane gida ya san haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai gudawa ana kan hanyar asibiti. Shari'a ta riga ta hana yin bayan gida a mashayar mutane da hanyarsu da inuwarsu, ta hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Wannan hanin shi ne dai maganin tsargiya daga tushe, domin ƙwan tsutsar ta fitsari da bayan gida yake komawa ruwa. A wasu garuruwanmu har yau ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar balaga. Ba balaga ba ce, ciwo ne da yake lalata mafitsara ko hanta bayan shekaru, maganinsa kuma ƙwayoyi ne da ake sha rana ɗaya.

Riga-kafin yara kyauta ne, abin da yake ci kawai yinin uwa da kuɗin mota. A watan Nuwamba na 2024 Sudan ta fara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ga jarirai, kuma da jihohin Gadarif da Shuɗin Nilu aka fara. Sau huɗu ake yin ta, ba ta kuma ɗauke buƙatar gidan sauro.

Mai ciki ita ce ta fi kowa shiga haɗari in hanya ta yanke. Idan lissafi ya nuna haihuwa za ta faɗo a Agusta ko Satumba, mai hankali ya kai ta wurin dangi kusa da asibiti tun ana iya wucewa, ko da zai ciyar da ita wata guda a can.

Hukunci

Neman magani ba hukunci ɗaya gare shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1412 bayan Hijira, daidai da 1992, ta kasa shi huɗu. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko rasa gaɓa, ko nakasa, ko kuma ciwon mai yaɗuwa ne. Yana zama mustahabbi idan barinsa rauni kawai zai jawo. Yana zama halal in bai kai haka ba, makaruhi kuma in ana tsoron illar maganin ta fi ta ciwon. A kan wannan ma'auni, kai yaro mai alamar kalazar asibiti wajibi ne, haka mai kwalara, haka mai tarin fuka. Uban da yake da abin sayarwa ya ƙi, yana cewa a jira a ga abin da Allah zai yi, ya yi laifi.

Batun tawakkali kuwa, aikin Annabi (SAW) ya isa amsa. An yi masa ƙaho, ya biya Abu Ɗaiba ladan aikinsa. Ya tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) wurin likita Harisu ɗan Kalada. Ya tabbata a Bukhari cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga Sarga da ya ji annoba ta sauka a Sham, da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Tanadi ba ya kiran ciwo. Cewa yana kira shi ne camfin da aka hana.

Mas'alar da ta fi jawo gardama a majalisanmu ita ce maganin mace. Wanda ya karanta Mukhtasar na Shaihu Khalil ya san mashhurin mazhabarmu shi ne ladan ungozoma yana kan miji, amma kuɗin magani da na ƙaho ba sa cikin ciyarwar dole. Haka sauran mazhabobi uku suka tafi. Mun ga maza suna riƙe wannan su mayar da mace gidan ubanta da zarar ta kwanta, ta warke su aika a dawo da ita. Sai dai a cikin mazhabar kanta an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji. Malaman zamani irin su Shaihu Wahbatuz Zuhaili sun bayyana cewa magabata sun yi hukunci ne a zamanin da magani bai zama larura irin ta abinci ba, yawancinsa zato ne, amma yau hali ya sauya, kuma ciyarwa a kan al'ada aka gina ta. Dokar iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 ma ta sa jinya cikin ciyarwa, tare da abinci da sutura da mazauni. Wannan shi ne abin da muke ba da fatawa da shi, gwargwadon ƙarfin miji. Ko da mun bar gardamar fiƙihu, hadisin Muslim ya nuna cewa cikin dukiyar da mutum yake fitarwa, wadda ya kashe wa iyalinsa ta fi lada, har ta fi wadda ya bai wa miskini.

Motsa jiki

A nan sai an rarrabe. Manomin Rahad da yake wuni yana yankan riɗi ba ya buƙatar a ce masa ya yi gudu da asuba. Abin da jikinsa yake nema shi ne abinci mai gina jiki, da ruwa isasshe a zafi, da barci. Waɗanda maganar ta shafa su ne 'yan kasuwa masu zaman rumfa, da direbobi, da ma'aikatan ofis, da matan da ba sa fita, da mu malamai. Mu faɗi gaskiya a kanmu: daga asuba zuwa hantsi muna kan buzu, daga la'asar zuwa isha muna kan buzu, masallaci yana ƙofar gida, duk baƙon da ya zo kuma sai an sha shayi da shi, kowane kofi da cokali biyu ko uku na sukari. A Sudan ga shayi ga jabana, safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12, gishiri kuma ƙasa da giram 5, sannan ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Mai shan kofi biyar ya ƙure rabonsa tun bai ci abinci ba. Minti 150 kuwa tafiya ce ta rabin sa'a da ɗan sauri, kwana biyar a mako. Ba ta buƙatar sisi.

Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya yi kokawa da Rukana, ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni tare da cewa kowannensu yana da alheri. Kokawa da langa da iyo da ƙwallo duk halal ne matuƙar an rufe al'aura, ba caca, ba a tozarta salla ba. Mace ma tana da haƙƙin motsa jikinta a inda ya dace da suturarta.

Hawan jini da ciwon suga suna shekaru ba su yi magana ba. Wanda ya haura 40 ya auna su ko sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau. Wanda aka ɗora wa magani kuma kada ya ajiye don ya ji sauƙi, shanyewar ɓarin jiki ta fi kuɗin ƙwayar tsada nesa ba kusa ba. Tumbak da ake cusawa a leɓe, da sigari, da shisha, su ne akasin jari: mutum yana biya kullum don a rage masa uwar kuɗi. Likitocin Sudan sun daɗe suna danganta tumbak da sankarar baki.

Wanda ba shi da shi fa?

Duk abin da muka faɗa yana iya zama wulaƙanci in aka faɗa wa wanda bai ci abincin dare ba. Tun kafin yaƙi, fiye da rabin abin da ake kashewa a kan lafiya a Sudan daga aljihun marasa lafiya yake fita. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe manyan asibitocin Khartum. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, da Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, asibitoci ƙalilan suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Wanda ciwo ya kama a wannan hali ba sakacinsa ba ne. Haka nan akwai wanda ya yi duk abin da ya kamata, ciwon ya zo duk da haka. Sababi ba alkawari ba ne, kuma rashin lafiyar mumini kankarar zunubi ce, ba alamar ya yi asara ba.

Abin da mutum ɗaya ya kasa yana komawa kan jama'a. Haka Musulmi suka yi tun da: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, mai kuɗi da talaka suna shiga. A Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a 1979, ƙarƙashin Bankin Faisal, a kan tsarin taimakekeniya da malamai suka halatta. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara a jihar Sinnar a 1995, Diwanin Zakka kuma yana biya wa gidajen talakawa kuɗin shiga. Inda katin yake aiki, a yi shi. Inda ya daina, asusun masallaci ko na unguwa shi ne madadinsa: kowane gida ya zuba abin da aka yi ittifaƙi a kai da niyyar kyauta, a rubuta, a naɗa mutum biyu ko uku amintattu, a fitar wa wanda ciwo ya kama. Mara lafiyar da jinya ta fi ƙarfinsa ya shiga sahun mabuƙata, ana ba shi zakka.

A yi hattara da masu cin wannan jarin ta bayan gida. Akwai mai lasifika a kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin ciwo arba'in. Akwai mai allura a ƙauye da yake sayar da allurar kalazar ba gwaji, ya yi rabi ya tsaya inda kuɗin mai ciwo ya ƙare, alhali maganin yana da ƙarfi, yana iya taɓa zuciya, rabinsa kuma yana koya wa cutar jure magani. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ruƙiya da addu'a gaskiya ne, ana yin su tare da magani. Malamin da ya riƙe yaro mai kumburin saifa wata guda yana ba shi rubutu, bai ce a kai shi gwaji ba, zai amsa tambaya.

Yaushe ake warewa, kuma da me

Kuɗin manomi sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka, zazzaɓi da gudawa kuma sun fi tsananta da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A nan ne ake faɗawa hannun masu shail, wato ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi yanzu, ka biya shi da dawa ko riɗi in an girbe, a farashin da ya yanka. Asalin cinikin salam halal ne in an bayyana mudu da lokaci aka kuma biya kuɗin a take, amma matse wanda ɗansa yake kwance a karya masa farashi, wannan shi ne gabnun da muka fara da shi.

Don haka lokacin warewa shi ne ranar da aka auna amfanin gona. A fara fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka shayar da inji, in ya kai nisabi. Sannan a ware na ci, sannan na iri, sannan buhun lafiya, tun kafin a shiga lissafin aure da gini. Kuma gara a ajiye shi hatsi ko akuya a kan a ajiye shi takarda. A 2021 kaɗai hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, yaƙi kuma ya ƙara karya fam, kuɗin da zai yi jinya da kaka ba lalle ya kai mutum asibiti da damina ba. Uwar gida ta san inda buhun yake, a kuma ba ta izini a gaban shaida ta sayar in ciwo ya zo maigida yana gona ko yana tafiya, don kada yaro ya kwana uku da zazzaɓi ana jiran a samu layin waya.

Allah ne Mafi sani.